Bulala Ba Ta Korar Tsoro

Ran 24 ga Disamba 2010, jajiberen Kirsimeti, bam ya tashi a Gada Biyu. Ina yaro a lokacin, amma har yau in taya ta fashe sai gabana ya faɗi.

Sa'ad da na fita gwajin koyarwa, na tarar da wani yaro da aka kawo daga Bokkos bayan harin Disamba 2023. Da an buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin tebur. Waɗansu suka ce shashanci ne, a ba shi bulala. Ni kuwa na ce ciwo ne, yana kuma da magani.

A 1987 wata Ba'amurkiya, Francine Shapiro, ta lura in tana juya idanunta dama da hagu, mugun tunani yakan rage zafi. Daga nan aka sami hanyar da ake kira EMDR. Mai ciwo yakan tuna abin da ya same shi, idanunsa na bin yatsan likita, a huta, a sake, har ya iya tunawa ba tare da jiki ya yi rawa ba. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, har ga yara.

To, 'yan'uwa, kada wani ya kama kaɗa wa yara yatsa a aji. Wannan aikin wanda aka horar ne. Namu shi ne mu gane alamun, mu ajiye bulala, mu shawarci iyaye su kai yaro asibiti. Ina roƙon malamanmu su koya mana wannan kafin mu fita.