Kunyar Bahaushe a Gaban Masu Ɗaukar Ma'aikata

Daga cikin ɗabi'un da Bahaushe ke alfahari da su, da wuya a sami wadda ta kai kunya daraja. Tun yaro yana ƙarami ake koya masa ya sunkuyar da kai a gaban manya, kada ya haɗa ido da su, kada kuma ya tsoma baki inda ba a tambaye shi ba. Idan ya girma aka ji shi yana lissafa abubuwan da ya iya, nan da nan za a tuna masa cewa yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya ta yi wa al'umma rana a gida da makaranta da fada. Amma akwai wani ɗaki guda inda take juyawa ta zame wa mai ita cikas, watau ɗakin da manyan kamfanoni ke ganawa da masu neman aiki, abin da ake kira intabiyu.

Dalilin haka a fili yake. A tsarin gargajiya mutum ba ya tallar kansa, don kuwa akwai masu yi masa. Sarki yana da maroƙa da sanƙira, mai kaya yana da dillali, mai neman aure yana da wakilai, yaron shago kuwa ubangidansa ne ke shaidarsa in lokacin ɗaga shi ya yi. Babban kamfani bai san da wannan tsari ba. Galibi yakan fara tace masu nema da jarrabawa ta kwamfuta, sa'an nan ya kira waɗanda suka tsallake su zauna gaban mutum uku ko huɗu waɗanda ba su san su ba, ba su san iyayensu ba, kuma ba su da lokacin da ya wuce 'yan mintoci. Duk abin da ɗalibi bai faɗa da bakinsa ba a wannan zama, tamkar bai taɓa yin sa ba ne. Sunkuyar da kai da ya yi don ladabi sai a ɗauke shi rashin tabbas, gajeriyar amsa kuma a ɗauke ta rashin sani.

Wasu suna ganin maganin abin shi ne ɗalibi ya tuɓe kunyarsa a bakin ƙofa, ya shiga yana cika baki. Wannan ra'ayi bai yi daidai ba, domin masu ɗaukar ma'aikata sun ga irin waɗannan sun ƙoshi. Abin da ake bukata shi ne a bambanta yabon kai da ba da shaida. Mai yabon kai cewa yake yi shi gwani ne, mai ba da shaida kuwa faɗin abin da ya faru yake yi, kamar yadda ake yi a gaban alƙali. Alal misali, ɗalibin da ya rubuta kundin digirinsa a kan sana'ar ƙira yana iya bayyana cewa ya zaga ƙauyuka kaza, ya shawo kan dattawan da suka ƙi magana da farko, ya naɗi hirarsu, ya rubuta ta, ya kuma miƙa aikin cikin wa'adi. Babu alfahari a cikin wannan, amma mai sauraro ya fahimci cewa mutumin ya iya hulɗa da jama'a, yana da haƙuri, yana kuma cika alkawari. Malamai ma sukan kafa hujja da ƙissar Annabi Yusufu, wanda ya nemi Sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma ambaci cancantarsa da kansa.

Tambayar da ta fi kayar da ɗaliban wannan fanni ita ce wadda ta shafi digirinsu: me ya kawo mai digirin Hausa kamfanin siminti ko na sadarwa? Da yawa sukan fara da ba da haƙuri, har wani ya ce ai ba shi ya zaɓi fannin ba, ba shi aka yi. Wanda ya faɗi haka ya riga ya kori kansa. Amsar ƙwarai ba ta samuwa sai ga wanda ya binciki kamfanin tun kafin ranar, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mai zuwa gaban kamfanin Dangote ya kamata ya san cewa masana'antar siminti ta Obajana a Jihar Kogi take, matatar man da aka ƙaddamar a Legas a 2023 kuma an gina ta ne don tace ganga 650,000 a rana. Mai zuwa gaban BUA ya san cewa masana'antar siminti ta Sakkwato ta samo asali ne daga kamfanin da aka kafa a 1962. Sanin waɗannan ba don a yi tilawarsu ba ne. Amfaninsu shi ne ɗalibi ya gane inda kamfanin ke cin karo da Hausawa: dillalai, direbobin manyan motoci, ƙauyukan da ke maƙwabtaka da masana'anta, da sanarwar kiyaye haɗari wadda dole lebura ya fahimce ta. Kamfanin MTN, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2001, yana talla da Hausa, kuma tun 2013 Hausa ta shiga cikin harsunan da Google Translate ke fassarawa. Irin waɗannan ayyuka suna bukatar wanda ya san ƙa'idar rubutu, ya kuma san bambancin karin harshen Kano da na Sakkwato.

Batun albashi shi ne ya fi ban mamaki. Saurayin da zai ɓata rabin sa'a a Kantin Kwari yana ciniki a kan yadi biyar, ana albarka yana ƙarawa, shi ne kuma za a tambaye shi abin da yake so a biya shi ya ce duk abin da aka bayar ya gode. Kamfani ba ya ɗaukar wannan a matsayin dattako. Abin da yake gani shi ne mutumin da bai tambayi farashin kasuwa ba.

Ba a musun cewa sanayya tana aiki a wasu wurare, kuma akwai ganawar da ake yi bayan an riga an raba guraben. Sai dai wannan zance ya zama mafakar masu ƙyuya, waɗanda ke shiga ɗakin ba shiri, su fito su ɗora wa rashin uwa a gindin murhu laifi.

Sassan Hausa na jami'o'i suna da nasu alhakin. Ganawar nan yawanci da Ingilishi ake yin ta, alhali ɗalibi ya shekara huɗu yana rubutu da muhawara da Hausa, saboda haka harshensa yakan yi nauyi ko da ya san amsa. Ƙungiyar ɗalibai tana iya ware rana guda a zangon ƙarshe, kafin a tafi bautar ƙasa, ta gayyato malamai biyu daga wani sashe da tsohon ɗalibi ɗaya mai aiki a kamfani, su zaunar da 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, su yi musu tambayoyi da harsunan biyu, sauran 'yan aji suna kallo.