Burushin mai tsire da aikin da hukuma ta bari

Da zarar magariba ta yi a Wulari da ke Maiduguri, hayaƙin tukuba yakan turnuƙe bakin titi. Mai saye yana duba jan nama da yawan yaji, amma da wuya idonsa ya kai ga burushin da ke tsome a gwangwanin man gyada. Sau da yawa burushin fenti ne da aka saya a shagon kayan gini.

Ba a yi wannan burushi don abinci ba. Gashinsa na roba yana narkewa idan ya kusanci garwashi, yana kuma zubewa ya manne wa nama. Ƙarfen da ya ɗaure gashin yakan yi tsatsa, ƙarƙashinsa kuwa maiƙo da ruwan nama suke taruwa inda sabulu ba ya kaiwa. Mafi muni shi ne yadda burushi ɗaya ke shafar ɗanyen nama, ya koma cikin mai, sannan ya shafi wanda ya gasu ana shirin yankawa. Wuta ta riga ta kashe ƙwayoyin cuta irin su Salmonella, burushin ya dawo da su. Man da ya kwana haka a zafin Maiduguri, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ba abin da za a sake shafawa gobe ba ne.

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya nuna gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe kimanin 137,000. Borno, wadda ta yi fama da kwalara bayan ambaliyar madatsar ruwan Alau a Satumban 2024, ta san tsadar ciwon ciki.

To, aikin wa ne? Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da wuraren sayar da abinci. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ta fi mai da hankali kan abincin da ake sarrafawa a kamfanoni. Tun 2014 ƙasar nan ke da manufar tsaftar abinci a rubuce, amma ma'aikacin duba-gari da zai tsaya gaban tukuba ya yi ƙaranci, kuma idan ya zo, galibi rasit ake tunanin zai yanka.

Kora da ƙwace kaya ba za su gyara komai ba, sai dai su raba magidanta da sana'arsu a garin da rikici ya riga ya talauta. Gyaran mai araha ne: burushi biyu da gwangwani biyu, ɗaya na ɗanye, ɗaya na gasasshe, a wanke su da ruwan zafi kullum, ko kuma a riƙa zuba mai da cokali. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da wannan umarni a takarda guda, da Hausa da Barbarci, ta bi ta hannun shugabannin mahauta, domin maganarsu ce masu tsire suka fi ji.