Ƙarshen Alewa Ƙasa: Akwai Zurfi Ko Ƙarar Bindiga Ce Kawai?

 

Ranar Asabar da ta wuce, bayan an tashi daga taron ƙungiyarmu ta marubuta, mu huɗu muka tsaya a teburin mai shayi muna jiran motar Kwanar Ɗangora ta cika. Nan gardama ta ɓarke a kan littafin Bature Gagare, Ƙarshen Alewa Ƙasa. Wani dattijonmu, malamin Hausa a sakandare, ya ce shi bai taɓa gane abin da ake yabo a littafin nan ba, labarin 'yan fashin Turawa ne aka sa wa babbar riga. Wata 'yar uwa da ke rubuta labarai a intanet ta ce, "Haba Malam, ai a duk tsofaffin littattafai shi kaɗai ne na karanta ban yi gyangyaɗi ba." Malam ya ce, "To 'yata, hana barci shi ne zurfi? Ai sauro ma yana hanawa." Aka yi dariya, mota ta cika, kowa ya tafi da nasa. Ni ban ce komai ba a wurin, amma har na iso Badafi maganar tana raina. Yau zan faɗi nawa.

Ga wanda bai san littafin ba, an buga shi a 1982, yana cikin littattafan da suka yi nasara a gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya a 1980. Tare suka fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Mohammed Bello. Labarin Mailoma ne, wani Bamaguje da ya baro ƙauyensu da ciwo a zuciya, ya shiga soja, ya ga yaƙin basasa, daga baya ya tara mutane ya kafa ƙungiyar ta'addanci da harkar wiwi, har abin ya kai shi ga halaka kamar yadda sunan littafin ya nuna tun daga bango. Manazarta sun daɗe suna magana a kansa, har Graham Furniss ya tattauna shi a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa.

Bari in fara da hujjojin su Malam, domin ba hujjojin banza ba ne. Suna cewa littafin aro ne, wai duk wanda ya karanta James Hadley Chase ko ya kalli fim ɗin The Godfather zai gane inda aka ɗebo ruwan. Suna cewa jini ya yi yawa. Suna kuma cewa babu darasi, ka gama karantawa ba ka ƙaru da komai ba sai bugun zuciya. Masu yabo kuwa yawancinsu hujjarsu guda ce, littafin ya yi daɗi. Gaskiya idan wannan ce kaɗai hujjarmu, Malam ya kayar da mu, domin alewa ma tana da daɗi, kuma mun ji ƙarshenta.

Ni ma'aunin da nake auna labarin laifi da shi mai sauƙi ne. Ka cire bindigar daga cikin labarin, ka duba abin da ya saura. Idan babu komai sai sunayen mutane da motoci, to ƙarar bindiga aka sayar maka. Idan kuwa ka ga mutum ya saura, da garinsu, da abin da ya mai da shi haka, to akwai zurfi.

Idan ka cire bindiga daga hannun Mailoma, abin da zai saura yana da nauyi. Ga ƙauyen Maguzawa da al'adunsa, wanda kafin Gagare da wuya ka ga wani marubucin ƙagaggen labari ya ba shi fili haka. Ga kuma tambayar da Nijeriya ta sha fama da ita bayan 1970, wato me za a yi da mutumin da aka koya wa kisa bayan yaƙi ya ƙare? Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sojojin ƙasar nan ba su wuce wajen 10,000 ba, amma yaƙin ya ƙare suna kusan 250,000. Makamai suka bazu, fashi da makami ya yi ƙamari har gwamnatin Gowon ta kafa dokar hukuncin kisa a kansa a 1970, aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a. A 1971 aka harbe Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas, mutane cincirindo suna kallo. A wannan ƙasar aka rubuta Mailoma. Saboda haka ko da salon ya biyo ta Ingila ko Amurka, ciwon da ke cikin labarin namu ne na gida.

Maganar aro kuwa, in za mu kori littafi saboda aro, da Abubakar Imam za mu fara. Kowa ya san Magana Jari Ce ta ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turawa, amma Imam ya jiƙa su da ruwan Hausa har suka zama namu, babu mai ce masa ɓarawo. Shi kansa Chase ɗin Bature ne ɗan Ingila da ya riƙa rubuta labaran Amurka da taimakon taswira da ƙamus na karin maganar 'yan titi. Kuma wannan gardama da muke yi an yi irinta a kansa: George Orwell ya rubuta maƙala a 1944 yana sukar littafinsa na farko saboda yawan mugunta. Abin tambaya ga mai aro shi ne me ya yi da abin da ya aro. Wani yakan ari riga ya mayar yadda take, wani ya ari allura ya ɗinka tasa. A ganina Gagare allura ya ara.

Sai batun darasi. Mun saba da labarin da marubuci zai tsaya a shafin ƙarshe ya ce jama'a ku ji tsoron Allah, sai mu ce an yi faɗakarwa. Amma ku tuna Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito tun shekarun 1930. Labarin ramuwar gayya ne, an ƙwace wa Abubakar Zainab da ƙarfin dukiya, ya bi duniya neman abin da zai rama, ramuwar ta cinye wanda bai ji ba bai gani ba. Ba a buƙatar mai wa'azi ya tsaya a ƙarshe, jikinka ne zai gaya maka. Haka nake ganin Mailoma. Mai karatu yana biye da shi tun yana wanda aka zalunta har ya zama azzalumin da ya fi waɗanda suka zalunce shi, kuma a kan hanya za ka tsinci kanka kana tambayar a ina ne ya kamata in daina tausaya masa. Wannan tambayar ita ce darasin, kuma ta fi zama a zuciya fiye da nasihar shafin ƙarshe.

Duk da haka akwai inda nake bayan Malam. Kisa ya yi yawa a littafin har ya kai inda mai karatu yake daina jin zafinsa, ya koma ƙirga gawa kamar ana ƙirga buhun masara. Duk lokacin da mutuwa ta yi arha a labari, zurfi ya ragu. Akwai kuma abin da ya fi damuna a matsayina na ɗan kudancin Kano. Mu nan Maguzawa ba labari ba ne a wurinmu, maƙwabta ne, muna haɗuwa a kasuwa da gona, manoma ne masu riƙon amana. Yaron birni da bai taɓa zama da su ba, idan wannan ne littafi ɗaya tilo da ya karanta a kansu, wane hoto zai tafi da shi? Laifin ba na Gagare kaɗai ba ne, namu ne da muka shekara fiye da 40 ba mu ƙara rubuta wani Bamaguje da zai tsaya kusa da Mailoma ba.

Abin da ya sa na ɗauki wannan gardama da zafi shi ne ta shafi abin da da yawanmu ke rubutawa yanzu. Duk wanda ya taso tsakanin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa ya san yadda mota ke yin tsit idan aka doshi dajin Falgore da yamma, ya kuma ji labarin satar shanu da garkuwa da mutane. Dole mu rubuta wannan, domin idan ba mu rubuta ba wanda bai san hanyar ba zai rubuta mana. Ni ma na gwada. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha na rubuta labarin masu garkuwa, shafi 60, na ba wani yayana a harkar rubutu ya duba. Ya dawo mini da shi ya ce, "Ƙanena, na san sunan bindiga huɗu a labarinka, amma ban san sunan matar mutumin da aka sace ba." Na ji kunya ƙwarai. Na bayyana yadda ake harbi dalla-dalla, na manta da matar da za ta sayar da akuyoyinta da gadon ɗakinta, da ƙanin da zai bi dangi gida-gida yana haɗa kuɗin fansa, da gonar da za a jinginar ba a ƙara karɓo ta ba. Na ɗauki ƙarar bindigar Gagare na bar tambayarsa.

Don haka ga shawarata ga mai son rubuta labarin laifi. Ka san mai laifinka tun kafin ya zama mai laifi, wa ya haife shi, me ya rasa, a wace rana ce ya ga hanya biyu ya zaɓi mummunar. Fahimtarsa ba wanke shi ba ne, domin da yawa sun sha irin wahalarsa ba su ɗauki makami ba, kuma ya kyautu a ga ɗaya daga cikinsu a labarin. Dubi yadda Abubakar Adam Ibrahim ya gina Reza, ɗan daba mai sayar da wiwi, a Season of Crimson Blossoms na 2015, za ka ji tausayinsa ba tare da ka so zama shi ba. Sannan duk wanda za ka kashe a labari ka ba shi suna da wanda zai yi kukansa. Kada kuma ka jingina laifi ga wata ƙabila gaba ɗaya, ko Bafulatani ko Bamaguje ko Bahaushe, domin wanda kake zagi a takarda gobe da shi za ka zauna a benci ɗaya a motar kasuwa.

Hukuncina dai shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa yana da zurfi, sai dai ƙarar harbi takan rufe shi a wasu wurare, shi ya sa Malam bai ji shi ba, ita kuma 'yar uwarmu ƙarar ce ta fi jan ta. Ina roƙon duk wanda zai sa baki ya nemi littafin ya karanta tukuna, ko aro ne, domin na lura rabin masu gardama a kansa labarinsa kawai suka ji. Wanda ya karanta ya gaya mana a wane wuri ne ya daina tausaya wa Mailoma, kuma me ya sa.

Malam, idan wannan rubutu ya iso gare ka, a yi mini afuwa, ɗalibi ne ke gwada ƙafarsa. Shayin Asabar mai zuwa a kaina yake. Allah ya ƙara mana basira, ya zaunar da yankinmu lafiya.