Labarin Kafanchan: Wa Ke Riƙe Da Linzaminsa?

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi. Tun da dogon da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos a 1927, garin ya zama mahaɗar mutane da kaya da labari. A wancan zamani, in wani abu ya auku a ƙasar Jama'a, sai jirgi ya yi kwana da wuni a hanya kafin fasinja ya sauka a Inugu ko Fatakwal ya ba da labari, kafin nan kuwa zukata sun ɗan huce, wani ma ya biyo baya da gyara. Yau abin ya sake. Kafin hayaƙi ya gama tashi a Zonkwa ko Godogodo, hotonsa ya riga ya shiga aljihun mai sayar da albasa a Mile 12, da mai canji a Sabon Badun, da mai gadi a Anaca.

Saboda haka musun da ake tafkawa a kan kafofin watsa labarai ya shafi ɗan Arewa mazaunin Kudu fiye da yadda yake zato. Masu musun sun kasu uku. Akwai masu cewa jaridun Ikko da Badun ba su taɓa yi wa Arewa adalci ba. Akwai masu cewa gidajen rediyo da jaridun Kaduna su ne suka daɗe suna danne muryar ƙananan ƙabilun kudancin jihar. Akwai kuma samari masu cewa a bar tsohuwar rigima, wayar hannu ta 'yanta kowa, tun da yanzu kowa editan kansa ne. Kowanne yana da guntuwar gaskiya a hannu, amma dukansu sun tsallake tambayar da ta fi nauyi, watau wane ne ke zaɓen labarin da zai fara isa idon mai karatu.

A dubi abin da ya faru a 1987. Ran 6 ga watan Maris na shekarar, gardama ta tashi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan a kan wani wa'azi, ta fita daga makaranta ta shiga gari. Cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina, aka ƙone wuraren ibada, aka yi hasarar rayuka da dukiya. Masana da dama da suka bi diddigin lamarin sun zargi Rediyon Tarayya na Kaduna da yawan maimaita rahotannin da suka zuzuta abin da ya faru a Kafanchan, wasu kuma suka zargi jaridun Kudu da kallon rikicin da ido ɗaya. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, abu ɗaya a fili yake. A lokacin nan son zuciya yana da fuska da adireshi. An san gidan rediyon, an san editan, ana iya kiransa gaban kwamitin bincike a ce ya kare kansa.

Zuwa 2011 hanya ta fara sauyawa. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilu, tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800. Kudancin Kaduna na cikin inda abin ya fi muni: an yi kisa mai yawa a Zonkwa da Matsirga, kasuwar Kafanchan ta ƙone. A wannan karo saƙonnin waya ne suka riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, kowane ɓangare yana ƙidaya gawarwakinsa yana mance na maƙwabcinsa. Ba edita, ba adireshi, ba wanda za a kira ya amsa.

Sai kuma abin da ya faru a farkon 2017, wanda ya kamata kowane mazaunin Kurmi ya riƙe shi a zuciya. A ƙarshen 2016 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Jama'a, ciki har da Goska a jajibirin Kirsimeti. Ana cikin wannan juyayi, sai Audu Maikori, lauya kuma mai kamfanin waƙa na Chocolate City, ɗan asalin kudancin Kaduna, ya rubuta a Twitter cewa an kashe ɗalibai biyar na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Hukumar makarantar ta ce ba haka ba ne. Shi kansa ya bincika, ya gane direbansa ne ya ba shi labarin da ba shi da tushe, ya janye maganarsa ya nemi gafara. Duk da haka 'yan sanda suka kama shi a Ikko a watan Fabrairu, daga baya kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa an tauye masa hakki, ta ba shi diyya.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, mutumin da ya yi karatu mai zurfi, mai ƙaunar mutanensa, ya faɗa rami saboda ya yarda da wanda ya sani. To, ina ga wanda saƙo ya zo masa daga lambar da bai taɓa gani ba? Na biyu, ƙarya guda ta zama garkuwa ga masu son musanta kashe-kashen da aka yi da gaske. Wanda ya yaɗa ji-ta-ji-ta don taimakon danginsa, danginsa ya fara cuta, domin gobe in sun yi kuka na gaskiya sai a ce ai sun saba.

A nan ne maganar na'ura ta shigo. Abin da mutum ke gani in ya buɗe Facebook ko TikTok ko X ba ya zuwa bisa ga sa'a. Wani ne ya zauna ya rubuta jerin umarni ga kwamfuta, ya ce wannan a tura shi gaba, wancan a bar shi a baya. Kamfanonin nan kuwa tsere suke yi da juna, na Amurka da na Sin, kuma abin da suke tsere a kansa shi ne lokacin mutum: wanda ya fi riƙe ido shi ya fi samun kuɗin talla. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa a 2021 sun nuna cewa akwai lokacin da kamfanin ke ba alamun motsin rai, har da ta fushi, maki biyar, alhali alamar so maki ɗaya ce tak, kafin daga baya a gyara. Ma'ana, abin da ya fi tunzura mutane shi ya fi samun abin hawa. Na'urar ba ta san Bajju ba, ba ta san Bafillace ba, ba ta ƙin kowa. Abin da aka koya mata ta ƙidaya shi take ƙidayawa, fushi kuwa ya fi haƙuri saurin ƙidayuwa.

An ga sakamakon wannan a maƙwabta. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Barikin Ladi a Jihar Filato, wadda ke iyaka da ƙasar Jama'a, an yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook aka ce daga can suke. Binciken da BBC ta yi a wannan shekara ya nuna wasu hotunan tsofaffi ne, wani ma daga Kwango aka ɗauko shi, 'yan sandan jihar kuma suka ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar ramuwa. Binciken ya ƙara da cewa a lokacin mutum huɗu ne kacal ke aikin tantance irin waɗannan labarai na cikakken lokaci domin Nijeriya duka, ba kuwa mai jin Hausa a cikinsu. In Hausa mai miliyoyin masu magana ta sami wannan rabo, sai a auna rabon Tyap da Jju da Hyam.

Wa ke biyan kuɗin wannan sakaci? Wanda ke zaune nesa da gida. Tarihin ramuwar gayya a ƙasar nan a bayyane yake: rikicin Shagamu na 1999 ya jawo kisa a Kano, na Maiduguri na 2006 ya jawo kisa a Anaca. Waɗanda suka ga Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Badun a 2021 ba sa bukatar a yi musu bayani. Kuma ranar da ƙura ta tashi a Kudu, mai gora a hannu ba ya tambayar wane ne ɗan Kagoro, wane ne ɗan Kazaure, wane ne mai zuwa coci, wane ne mai zuwa masallaci. Duk wanda ya fito daga hayin Kwara suna ɗaya ake kiransa da shi. Waɗanda ke zagin juna a waya saboda rigimar gida, a bakin titin Ikko makomarsu ɗaya.

To, mene ne magani? Wasu na ganin a toshe hanya. An gwada. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, masu wayo suka bi ta ɓarauniyar hanya suka ci gaba da rubutu, ƙananan 'yan kasuwa masu talla a can suka yi hasara. Wasu na ganin a yi ta kamu. Shi ma an gwada, abin da ya haifar kuwa shi ne ƙarin zargin cewa hukuma na da ɓangare, sai kowane kamu ya zama sabuwar hujja ga masu cewa ana ɓoye gaskiya. Mai ƙarya da gangan don a zubar da jini lalle ya cancanci hukunci, amma a gaban alƙali, bisa doka, ba tare da duba ƙabilarsa ko jam'iyyarsa ba.

Magani mai ɗorewa, Kafanchan ɗin nan da kanta ta nuna hanyarsa. A 1996 aka kafa Gidauniyar Fantsuam a can, ta fara da ba matan karkara rance, sannan ta buɗe ajin koyon kwamfuta a unguwar Bayan Loko. A 2001 aikin ya ci lambar yabo ta Hafkin, wadda ake bayarwa a wancan lokaci a kan ayyukan sadarwa a Afirka. Daga baya ta buɗe makarantar koyon haɗa na'urori ta Cisco, ta kuma kafa ZittNet, mai raba intanet ba tare da igiya ba, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Wannan fa tun kafin yawancin manyan biranen Arewa su farka. A Kaduna an buɗe cibiyar CoLab a 2016 inda samari ke koyon rubuta manhaja. A 2022 masana, ciki har da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero, suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Hausa da Yarabanci da Ibo da Burokan Ingilishi da aka tace domin koya wa kwamfuta gane yabo da suka. A wannan shekara kuma harshen Tyap ya sami nasa kundin Wikipedia.

Waɗannan ƙananan matakai ne, amma sun nuna inda ya kamata a sa ƙarfi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Injiniyan da ke zaune a Kalifoniya bai san kalmar da za a jefa a Zangon Kataf ta zama ashana ba, bai san habaici ba, bai san zambo ba. Yaron da ya tashi a Kafanchan yana jin Hausa da Jju da Ingilishi ya san su duka. In ya iya rubuta manhaja, shi ne zai gina abin da zai gane tsohon hoto, ya gane kalaman tunzuri, ya kuma kai sahihin labari ga danginsa da ke Fatakwal. Al'ummar da ba ta da masu wannan sana'a, kullum wani ne zai zaɓa mata abin da za ta ji game da kanta.

Saboda haka akwai aiki a wuyan mazauna Kudu. Ƙungiyoyin 'yan gari da na 'yan kasuwa da ke tara kuɗi duk wata domin biki da jana'iza, kamata ya yi su keɓe wani abu domin ɗaukar nauyin yaro ko yarinya su koyi wannan ilimi, a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ko a duk inda ya samu. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da sauran zangogi, su da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kudancin Kaduna da limamai da fastoci, ya kamata a ce kowa yana da lambar ɗan'uwansa tun ana zaman lafiya, domin in labari ya faɗo a tantance shi tare kafin ya shiga kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuwa mai waya a hannu, tambaya uku sun ishe shi kafin ya tura saƙo gaba. Wa ya gani da idonsa? Yaushe aka ɗauki hoton, a ina? In wannan magana ta bazu, wa za a fara tarewa a hanya? Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya tun 2019, saboda ya ga ɓarnar da gaggawa ke yi. In mai kayan ya ga dalilin sa birki, mai amfani da su ya fi cancanta ya taka nasa. Kira ɗaya zuwa gida, ga wanda aka san ba ya ƙari, ya fi saƙo ɗari da aka gada daga bakin da ba a sani ba.

Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Allah ya zaunar da ƙasar Jama'a lafiya, ya kare matafiya da mazauna a duk inda neman abinci ya kai su.