Lafiya Uwar Jiki: Ƙananan Baƙin Da Ke Zaune A Fatarmu

A wannan wata za mu duba fatar jikinmu. Ko mutum ya yi wanka da sabulu sau uku a rana, fatarsa ba ta rabuwa da ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Akwai bakteriya, akwai kuma waɗanda suka fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wato bairos. Kada wannan ya tayar mana da hankali. Da yawa daga cikin bairos ɗin da ke fatar mai lafiya ba mu suke nema ba, bakteriya suke kamawa su kashe.

Ƙidaya su fa jan aiki ne. Masu bincike sukan goga auduga a fata, su kai ɗakin gwaji, su karanta rubutun halittar da ta kwaso, wato DNA. Bakteriya duka suna da wata alama guda a rubutun nasu wadda ake bi a gane su, kamar tsagen gado a fuska. Bairos ba su da irin wannan alama. Ga shi kuma abin da audugar ke kwasowa kaɗan ne, yawancinsa ma na mutumin ne kansa. A shekarar 2015 masana a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, ƙarƙashin Elizabeth Grice, suka gwada mutum 16 masu lafiya, wurare 8 a jikin kowane. Wajen kashi 90 cikin 100 na abin da suka samu bai yi kama da wani bairos da aka riga aka sani ba.

Me ya sa suke wannan wahala? Saboda cututtukan fata masu kumburi da ƙaiƙayi, kamar kirci, wanda likitoci ke kira ekzima. A 2012 Heidi Kong da Julia Segre, na Cibiyar Binciken Lafiya ta Amurka, sun nuna cewa idan kirci ya tasar wa yaro, wata bakteriya mai suna Staphylococcus aureus takan yawaita ta danne sauran. Tun da akwai bairos masu kashe bakteriya, ana so a ga ko yawansu ko ƙarancinsu yana da hannu a ciki. A 2018 kuma ƙungiyar tasu ta gwada masu wata cutar gado mai raunana garkuwar jiki, waɗanda kirci ke damu ƙwarai. Suka tarar bairos sun mamaye fatarsu, har da ɗaruruwan sababbin iri. Ashe garkuwar jiki ce ke riƙe da linzamin waɗannan baƙi. Amma mu lura, samun bairos a wurin ciwo bai nuna shi ya kawo ciwon ba. Ba duk wanda aka gani a wurin gobara ne ya kunna wutar ba.

To, ina ruwan uwa da uba da wannan? Na farko, ba a ɗaukar ekzima daga wani. Kada a ware wa yaro kwano, kada a hana shi makaranta ko wasa da 'yan'uwansa. Na biyu, shi ne ma ya kamata a tsare daga wasu, gama fatar da ta tsattsage ƙofa ce a buɗe. Akwai wani bairos mai suna harfis, wanda ke fito da ƙuraje masu ruwa a leɓe bayan zazzaɓi. Ga mai lafiya, kwana kaɗan ne su warke. Ga yaro mai kirci kuwa, yakan bazu ya zama babban haɗari. Saboda haka mai irin ƙurajen nan kada ya sumbaci yaron, kada kuma su haɗa tawul.

Idan kuka ga ƙuraje masu ruwa da yawa sun fito bisa kircin, girmansu ɗaya, suna fashewa suna barin ƙananan ramuka, ga zafi ga zazzaɓi, ku kai yaron asibiti a ranar, balle in sun kusa ido. Akwai maganinsa, asiklobir, amma kafso irin na kashe bakteriya ba ya taɓa bairos. Kullum kuma a riƙa shafa wa yaron mai bayan wanka, a yanke masa farce don kada susa ta ƙara buɗe fatar.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.