Birnin Gwari: A daina yi wa aksil walda a motocin da ke ɗaukar mutane

Tun bayan sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe, manoma suka fara komawa gonakin da suka ƙaurace wa. Noma ya dawo, amma hanyoyin fito da amfanin gona suna nan yadda aka bar su, wasu ma sun ƙara lalacewa. Daga ƙauyukan yankin Randagi, Kakangi, Dogon Dawa da Kuyello, buhun masara ba ya isa kasuwa sai a bayan tsohuwar mota, irin wadda a wata ƙasar tuni an kai ta gidan tarihi.

Akori-kurar Peugeot 504 na cikin waɗannan tsofaffi. Ita 504 ta asali ta fito a Faransa a 1968, ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya a 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kakuri da ke Kaduna. An ci gaba da haɗa ta a Najeriya har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga gangar jikinta tana yawo a dajin Birnin Gwari tare da tsofaffin Hilux da Land Rover. Abin da ke ƙarƙashin bonet ne ya daɗe da canzawa. Injin asali ya mutu, an je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano an sayo na Beljiyam, sau da yawa na wani kamfanin daban, bakanike ya yanka ya liƙa har ya zauna.

Wannan basira ce, kuma bai kamata a raina ta ba. Mutumin da ba zai iya sayen sabuwar mota ba ya samu abin neman abinci, ƙauye ya samu abin kai mai naƙuda asibiti. Matsalar tana wajen abin da ake bari ba a taɓa ba. Inji mai ƙarfi a jikin tsohuwar mota yana buƙatar birki daidai da shi, da lagireto da zai iya sanyaya shi, da mazaunin inji mai ƙwari, da farfela da aka daidaita ba wadda aka yanke aka haɗa da ido ba. Injin dizal ba ya juyawa da sauri kamar na fetur, don haka idan ba a daidaita shi da giya da haƙoran aksil ba, ko dai motar ta riƙa kuka ba ta gudu, ko ta riƙa cin kuloci. Galibi kuɗin mai mota yana ƙarewa ne a kan injin, birki kuwa sai a ce Allah Ya kiyaye.

Amma abin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda ake yi wa aksil na baya.

A tsakiyar aksil akwai wata tukunyar haƙora da ake kira difarenshiyal. Aikinta shi ne ta bar tayoyin baya biyu su yi gudu daban-daban a kan kwana, domin tayar waje tana cin tafiya mai tsawo fiye da ta ciki. A kan kwalta wannan alheri ne. A cikin taɓo kuwa shi ne masifa: da zarar taya ɗaya ta rasa abin kamawa, sai ta yi ta juyawa a banza tana watsa laka, ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cik. Duk wanda ya taɓa tura motar da ta kafe a watan Agusta ya ga haka da idonsa.

Maganin da ya fi arha shi ne a buɗe tukunyar a yi wa ƙananan haƙoran walda, su zama dunƙule ɗaya, tayoyin biyu su riƙa juyawa tare ko ana so ko ba a so. Kuma yana aiki, wannan gaskiya ne. Motar da aka yi wa haka tana fita daga inda wata za ta kwana. Ga direban da ya san abin da kafewa a tsakiyar daji da yamma ke nufi a wannan yanki, ba a buƙatar dogon bayani kan dalilin da ya sa yake yarda.

Sai dai motar ba a daji take ƙarewa ba. Tana hawa kwaltar Birnin Gwari zuwa Kaduna, ta bi Udawa da Buruku, tafiyar sama da kilomita 100, ko ta nufi Funtuwa, da buhuna a ƙasa da mutane a kan buhunan. A nan tayoyin da aka ɗaure wuri ɗaya ba sa son kwana. Direba ya karya sitiyari, motar ta nace sai ta miƙe. Idan kwaltar ta jiƙe kuma, baya ya iya zamewa gaba ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Ƙarfin da ya kamata tukunyar ta sauke yana komawa kan sandunan aksil, kuma lodi mai nauyi yana ƙara shi. A wasu ƙananan motocin, sandar da ta karye tana iya fita da tayar baki ɗaya. Ga cin taya, a lokacin da kuɗin taya ɗaya ya isa ya tayar wa mai mota da hankali.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan. Ana ƙera difarenshiyal mai rage santsi, wanda ke tura ƙarfi ga tayar da ta kama ƙasa amma ya saki a kan kwana, da kuma wanda direba ke kullewa a taɓo ya buɗe idan ya hau kwalta. Wasu motocin Beljiyam da ake farfasawa suna zuwa da su, kuma bakaniken da ya san abin da yake nema zai iya gane su. A Faransa ma kamfanin Dangel ya mayar da 504 mai jan ƙafa huɗu tun farkon shekarun 1980, wato ita kanta motar tana karɓar gyara idan an yi shi da lissafi. Ko ba a kai nan ba, tayoyin baya iri ɗaya masu zane mai zurfi, rage musu iska kaɗan kafin shiga laka a mayar idan an fito, da jera kaya a kan aksil maimakon can ƙarshen bodi, suna rage kafewa sosai.

Hana canjin inji ba mafita ba ce. Ranar da aka kama waɗannan motoci, ranar ce masara za ta fara ruɓewa a ƙauye. Abin da ake buƙata daga jami'an duba motoci da hukumar FRSC shi ne duba na gaskiya: a sabunta lambar inji a takardun mota cikin sauƙi ba tare da wahalar da mai ita ba, a gwada birki, a ɗaga bayan motar a juya taya ɗaya da hannu. Gwajin minti biyar ne, kuma yana nuna aksil ɗin da ke buƙatar a buɗe a duba. Motar da aka samu da walda ta tsaya a aikin gona da hanyoyin daji, kada ta yi lodin fasinja a tasha. Shugabannin NURTW na tashoshin yankin sun fi kowane jami'i sanin motocin da aka yi wa hakan, kuma su ne ke rubuta layi.

Ƙungiyar kanikawa ta NATA da hukumar NADDC da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna za su iya shirya gajeren horo a cikin garin Birnin Gwari, da Hausa, a gareji ba a otal ba, kan daidaita inji da giya da birki.

Sauran aikin na gwamnatin jiha ne da ƙaramar hukuma. Direba ba ya neman mai walda sai don akwai wuraren da ya san zai kafe duk shekara, kuma direbobin kowace hanya za su iya lissafa su da suna. A fara da zuba tsakuwa da gina kwalbatoci a waɗannan wuraren tun da rani, kafin ruwan Yuni ya sauka.