Ba Basir Ba Ne, Malam

Malam, ka rubuta cewa ciwon bayan 'yan kabu-kabu basir ne, wai su sha jiƙo. Haba dai! Je ka hanyar Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi ranar Alhamis ta kasuwa. Mutum uku kan Boxer ɗaya, ga buhun gero, sun turo matuƙi bisa tanki, ƙugu a lanƙwashe. Shokozoba ta mutu, duk ramin da ya faɗa ƙashin baya ke shanyewa. Wanne jiƙo zai gyara wannan?

'Yan'uwana na Zurmi, ku sa bakanike ya daidaita kan babur, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, ku rage lodi. In ƙafa ta fara mutuwa, sai asibiti, ba tiramol ba.